Tambayar da Ban Yi Mata Ba

Hannun da ya mutu shi ake fara zurawa a riga. Matata ce ta koya mini haka, satin da aka sallamo ni daga asibiti, ɓarin jikina na hagu ya shanye, bakina ya karkace. Kullum da safe sai ta zaunar da ni a bakin gado, ta ɗauki hannun nan da bai san ana yi ba ta zura shi, ta zagayo da rigar ta bayana, sannan ta ce, "Baban yara, saura mai ran." Sai in ɗaga na dama, idona a kan bango. Ba na iya kallon fuskarta a lokacin. Ni da na kwashe shekaru ina juya bas mai hawa biyu a titunan Lewisham da Deptford a Landan, ga shi maɓallin riga ya gagare ni.

Ni ba mai haƙuri ba ne, kowa ya sani, kuma ciwo bai gyara mini hali ba. Na yi jifa da cokali. Na yi wa miya tsawa don ta zube mini a ƙirji. Da aka ce kansul, wato ƙaramar hukumar unguwarmu, za ta riƙa turo masu kula da marasa lafiya su yi mini wanka safe da yamma, sai na ce kafin wata baƙuwa ta ga tsiraicina gara in ruɓe a gadon. Matata ba ta yi musu ba. Nas ce, ana dab da ba ta shugabancin ɗakin asibitin da take aiki, sai ta je ta ce a ba wani, ta rage kwanakin aikinta. Mahaifiyarta tana can gida ta tsufa tukuf, ana ta kiran waya a ce tsohuwa tana cigiyarta, ita kuma ta ce sai jikin maigida ya yi sauƙi. A zumuntar matan coci ita ce mai buga tulu duk lokacin da 'yan ƙasarmu suka haɗu yin Mas, wato babbar ibadarmu, in ta sa tafin hannu a bakin tulun nan har Turawan da ke wucewa sukan leƙo. Tulun ya koma saman kwaba, aka rufe shi da tsohon zane.

Mu Hausawa ne, Katolika, daga wani ƙauye a kudancin Katsina. A Landan in na faɗi haka sai an sake kallona, har 'yan'uwanmu Hausawa sukan ce, "Kai haba?" Mahaifina katikis ne, shi ke koya wa mutane addini, shi ke jan addu'a ranar Lahadin da Fada, limamin coci, bai samu zuwa ba. A ƙauyenmu ana ce masa Malam, kuma in ya yi magana ba a mayar masa.

Abin da ya tono mini ciki auren 'yarmu ne. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, ta kawo wani yaro mai hankali ɗan Gana ta ce shi za ta aura. Da yake ba na iya fita sosai, Fadan cocinmu, wani dattijo mai son tuwonmu, ya zo gida don mu yi maganar shirin biki. Ana cikin ci ya ce kafin komai zai ga yarinyar ita kaɗai, ya ga yaron shi kaɗai, ya tambayi kowannensu ko akwai mai matsa masa.

Na yi dariya da rabin bakina. Na ce, "Fada, wa zai matsa wa wannan? Ko takalmi ba a zaɓar mata."

Ya ce ai ba da sanda kaɗai ake matsa wa mutum ba. Wani lokaci nauyin iyaye ne, ko tsoron kada a kunyata wani babba. Ya ce a wurin Coci ba Fada ke ƙulla aure ba, shi shaida ne kawai, su biyun ne kowa ke miƙa kansa ga ɗan'uwansa, kuma abin da mutum bai miƙa da son ransa ba, bai miƙa ba ke nan. Shi ya sa ake yin tambayar a ɓoye, a sake yin ta a gaban bagade. Ya ƙara da cewa in ta tabbata yardar nan babu ita tun farko, Coci takan bincika, har ta ce ai auren bai ƙullu ba.

Matata tana kwashe kwanuka a lokacin. Ba ta ɗago kai ba, ta tambayi Fada ko a ƙara masa miya. Ni kuwa na ajiye lomar da ke hannuna, don na san abin da na sani.

Ita a hannun Sistoci, matan nan da ke barin aure su ba da kansu ga aikin Coci, ta tashi, a asibitin mishan da ke kusa da garinmu. Su suka sa ta a makaranta, su suka koya mata aikin jinya, kuma babu wanda bai san cewa so take ta zama ɗaya daga cikinsu ba. Ta girma, ta gama karatu, tana aiki, ana jiran ranar da za ta shiga. Ni kuma na gan ta a coci na ji duniya babu kamarta. Ban yi mata magana ba, don a wurinmu ba haka ake yi ba. Na gaya wa innata, inna ta gaya wa Baba, Baba ya sa babbar riga ya tafi wurin mahaifinta. Mahaifin nata kuwa a gaban Baba ya zauna ya koyi addu'a, Baba ne ya riƙe shi ranar baftismarsa. Ina zai iya buɗe baki ya ce wa Malam a'a? Babu wanda ya daka mata tsawa, babu wanda ya kulle ta a ɗaki. An dai ce mata Malam ya zo da kansa, aka bar ta da wannan.

Ranar ɗaurin aure Fadan da ya zo ƙauyenmu ya tambaye mu ko mun zo da yardarmu. Ni tun bai rufe baki ba na amsa, har mutane suka yi dariya. Da ya juya gare ta sai ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har aka fara gyaran murya a bayanmu. Gwaggonta ta ɗaga murya daga benci ta ce, "Kunya ce, Fada!" Aka sake yin dariya, sannan ta amsa can ƙasa, ni da ke gefenta ma da ƙyar na ji. Na ce wa kaina kunya ce. Shekara talatin da ɗoriya ina ce wa kaina haka.

Tun ranar da Fadanmu na Landan ya ci tuwon nan ya tafi, abin ya zauna mini a ƙirji. In ta durƙusa tana sa mini safa, sai in ga furfurar da ke tsakiyar kanta in ji kamar in nutse. In ta ɗaga ni daga baho tana nishi, sai in ce a raina, wannan matar fa ba ita ta zaɓi wannan ba, ƙuruciyarta na cinye, ga shi ina cin tsufanta. Da ina da lafiya ban taɓa jin nauyin abin ba, don ina kawo cefane, ina biyan haya, ina ganin kowa yana yin nasa. Yanzu ba ni da abin ba ta sai wanki da jinya da baƙar magana. Haƙurinta ma haushi yake ba ni. Da za ta zage ni sau ɗaya da na ji sauƙi.

Ina da maƙwabci, wani Alhaji Bakano da ya yi ritaya daga aikin rediyo. Tun muna da ƙarfi muke zama mu yi gardamar siyasa da ƙwallo, da na kwanta kuma bai yar da ni ba. In ya yi la'asar sai ya zo ya tura ni a keke zuwa kasuwar Lewisham, in sha iska, shi kuma ya yi ta cinikin doya da masu shago kamar a Kano yake. Rannan muna hanya na ce ya karkata da ni gidan Fada.

Ya ce, "Lafiya? Ko jikin ne za a yi wa addu'a?"

Na gaya masa abin da ke raina. Ya tsayar da keken a gefen hanya, ya zagayo gabana yana kallona. Ya ce, "Ikon Allah! Ku da kuke mana gori aurenku ba saki, yau kai ne ke neman ƙofa? Ita ta ce ta gaji?"

Na ce, "Ba ta ce ba. Ba za ta taɓa cewa ba, shi ya sa."

Ya ce, "To, Allah ya kyauta." Ya tura ni, amma har muka isa yana ta tsaki.

Fada ya saurare ni har na gama, da ma maganata a hankali take fita tun da baki ya karkace. Na ce masa so nake in san ko akwai hanyar da Coci za ta warware mata wannan ƙullin, ta samu kanta, ta huta. Ya ce Coci tana ɗaukar aure a tsaye yake sai an nuna akasin haka, kuma shi ba zai zauna ya yanke hukunci a kan zuciyar matar da ba ta ɗakin ba. Ya ce 'yanci ba ƙofar fita ba ce kawai. Mutum ya mallaki kansa har ya iya ba da kansa ga wani, shi ma 'yanci ne, kuma shi ne wanda aure ke tsaye a kansa. Mai yiwuwa an tauye ta a ranar, ya ce, mai yiwuwa kuma daga baya ta ba da abin da ba ta bayar ba a ranar, ita kaɗai ta sani. Sai ya tambaye ni, "Ka taɓa tambayarta?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Je ka tambaye ta. Kai da bakinka."

Faɗa da sauƙi! Na gwada, Allah ya sani na gwada. Ta kawo mini koko, in buɗe baki, sai in ji na ce sukari ya yi yawa. Tana shafa mini mai a ƙafa, in ce "Maman yara," ta ce "Na'am," sai in ce ta rage hita. A inda muka tashi namiji ba ya zaunar da matarsa ya ce kina sona. Ban taɓa jin Baba ya yi wa inna irin wannan tambaya ba, ko sunanta ba ya kira. Magana in ta yi nauyi, babba ake samu a aika. Haka aka nemo mini ita, haka ake sasanta mu in mun yi faɗa muna gida, ban san wata hanya ba.

Sai na aiki Alhaji.

Ya ce, "Haba malam! Bango ɗaya ne fa tsakaninka da ita. Ka ji mutum, a Landan kana aike daga falo zuwa kicin?" Na ce shi dattijo ne, ya iya magana, aikinsa ke nan tun yana saurayi. Ya ƙi, na nace, har na yi masa abin da ban taɓa yi a gaban namiji ba, hawaye suka zubo mini. Tausayi ya kama shi, ya gyara hularsa ya miƙe.

Ina zaune a falo ina jin komai. Ya yi sallama a bakin kicin, ta amsa, ta jawo masa kujera, ta ɗora shayi. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi haƙurinta, ya yabi tarbiyyar yara, sannan ya zo kan magana. Ya ce maigida ya je ya ga Fada, ya ce maigida yana ganin an yi mata nauyi tun farko, in tana so akwai hanyar da za a bi a Coci a duba lamarin, shi ba zai tsaya mata a gaba ba. Na ji ƙarar cokali a kofi ta tsaya. Can ta ce, "Na ji saƙo, Alhaji. Na gode da tattaki. A gaida Hajiya." Ya fito ya wuce ni ko kallona bai yi ba, sai da ya kai ƙofa ya ce, "Ka sa ni abin da ban taɓa jin kunyarsa irin yau ba."

Daga ranar ba ta fasa komai ba. Wanka, magani, abinci, duk a kan lokaci. Amma in ta zura hannun hagu ba ta ƙara cewa saura mai ran, sai dai ta ɗan taɓa mini kafaɗa in ɗaga. Rosarin nan, carbin addu'armu, da muke ja tare da yamma ta koma ja ita kaɗai a kicin. 'Yarmu ta zo da samfurin ankon biki, ta dube ni ta dubi uwarta, ta tambaya da Turanci me ke faruwa a gidan nan. Uwar ta ce mata launin ruwan goron ya fi kyau.

Wata Lahadi da safe muna shirin Mas, ta zura mini hannun hagu a farar riga, sai ta tsaya. Ta bar rigar tana reto a kafaɗa ɗaya, ta jawo kujera ta zauna a gabana, inda ba ni da bangon da zan kalla.

Ta ce, "Baban yara, Fada ya sani, Alhaji ya sani, na tabbata Hajiya ma ta sani. Ni ce ta ƙarshe. Wancan karon ma haka aka yi. Innarka ta sani, Malam ya sani, babana ya sani, sannan aka zo aka gaya mini. Da za a ɗaure ni an aiko babba, yau da za a kwance ni an aiko babba. Kai ba ka da baki ne?"

Na ce, "Don ki huta na yi."

Ta ce, "Don kai ka huta dai. Nauyi ya dame ka, kana neman inda za ka sauke."

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ba ta kuwa ɗaga ta ba. Ta ce tunda ina son gaskiya, to ga ta. Ranar da ta tsaya a gaban bagade ba ni take so ba. Ba ta ƙi ni ba, ba ta ma san ni ba balle ta ƙi ni. Shirun da ta yi, lissafi take ko za ta iya ɗaukar kunyar da babanta zai sha in ta ce a'a, ta ga ba za ta iya ba. Ta ce da na tare ta ko sau ɗaya a hanyar rijiya na tambaye ta, da ta gaya mini, ni kuma da na samu wata.

Abin da nake tsoro ke nan tun ina saurayi, ga shi ta faɗa da bakinta.

Ta ce, "Amma ka manta wa ya fara zuwa ƙasar nan?"

Ita ce ta fara zuwa, da aka ɗebi nas-nas. Ta bar ni a gida da yaronmu na fari, ta zauna ita kaɗai a wani ɗan ɗaki a Barking kusan shekara biyu. Ta ce a wannan ɗakin ne karo na farko a rayuwarta ta riƙe makullin ƙofarta, ba Malam, ba Baba, ba gwaggo. Cikin waɗanda suka zo tare akwai waɗanda ba su aika wa mazajensu ba, kuma babu abin da ya same su. Ta ce akwai gidan Sistoci kusa da inda take aiki, takan shiga ta zauna a ɗakin addu'arsu in ta tashi, ta yi ta tambayar kanta. Ta tuna da zafin raina, ta tuna kuma da yadda na goya yaron a bayana na kai shi asibiti da ƙafa lokacin da ya yi ƙyanda, mutanen gari suna mini dariya. Ta auna, ta auna, sannan ta je ta nema mana izinin zuwa.

Ta ce, "Ranar na amsa tambayar Fada. Ba kowa a wurin, ba wanda ya ce kunya ce. Ni na aika maka, da hankalina, ina sane da halinka. Shi ne yau za ka turo mini Alhaji ya ce wai an yi mini nauyi, kamar duk shekarun nan akuya ce aka ɗaure a turke?"

Rigar tana ta zamewa, na kasa ko gyara ta.

Ta ce in da gaske nake ina so ta sha iska, ba sai an je gaban Coci ba. Alkawarin da ta yi bai hana ta ganin uwarta ba, bai ce ta ajiye tulu ba. Girman kaina ne ya yi wannan, ni da na ce ba baƙon da zai taɓa ni. Ta ce, "Ka ga igiyar ke nan, kullum tana hannunka, ka tsallake ta ka tafi neman wata a gidan Fada."

Nan ne na tattara abin da ya rage mini na ƙarfi. Bakina ya yi ta gardama, kalmomin suna fita a karkace, amma na yi. Na ce, "Maman yara, yanzu fa? Kina so ki zauna da ni?"

Ta yi shiru, irin shirun nan na gaban bagade, sai dai yau babu gwaggon da za ta cece ni. Can ta ce ba za ta amsa mini a ranar ba. Ta ce in an gama bikin yarinya za ta tafi gida ta ga tsohuwa, ba ta kuma san yaushe za ta dawo ba. In kira kansul da kaina in ce su turo mutanensu. Ta miƙe ta ƙarasa sa mini rigar, muka tafi Mas a makare.

Na kira kansul ɗin. Aka yi biki, ta sauko da tulun ta buga har mata suka yi ta guɗa, ni ina gefe a keke ina kallon hannunta. Da Fada ya tambayi 'yarmu ko ta zo da yardarta, ta amsa da ƙarfi har bayan coci aka ji, na sunkuyar da kai. Bayan biki da 'yan kwanaki ɗanmu ya kai uwarsa filin jirgi.

Waɗanda kansul ta turo mutanen kirki ne, ban ruɓe ba kuma ban mutu don kunya ba, abin da ya ƙara mini takaicin kaina ke nan. Na farkon da ya zo ya fara zura mini hannun dama, muka maƙale ni da shi da rigar, sai da na koya masa. Takan kira waya ta tambayi magani da abinci, ba ta cewa komai game da dawowa, ni kuma na hana kaina tambaya. Alhaji ya huce ya ci gaba da zuwa. In mun bi ta Deptford ya ga ina kallon shagon da take sayen kuka da daddawa, sai ya ce, "Ka dai yi ta addu'a, malam, irin taku da irin tamu duka." Na yi ta yi kuwa. Ban roƙi Allah ya dawo mini da ita ba, na ji ba ni da bakin wannan roƙon. Na dai roƙa ta samu tsohuwa da rai.

Sanyi ya fara shigowa lokacin da ta dawo. Ba ta gaya mini ranar ba, sai jin makulli na yi a ƙofa da hantsi, da jan akwati. Ta rame, ta yi duhu, ta shigo da ƙanshin daddawa. Muka gaisa kamar baƙi, na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk suna gaishe ni. Da na zo kan tsohuwa sai ta ce tana nan, ta shiga kicin.

Washegari mai kula da ni ya yi mini wanka, zai ɗauki riga ta ce ya bari. Ta zaunar da ni a bakin gado, ta ɗauki hannun hagu. Tana zura shi ta ce ta samu tsohuwa da rai, amma hankalin ya riga ya tafi. An ce mata bara war haka tana gane kowa, tana ta kiran sunanta. Yanzu kuwa duk zaman da ta yi, tana mata wanka tana ba ta abinci a baki, ko sau ɗaya ba ta gane ta ba. Ta ɗauka ɗaya ce daga cikin Sistocin mishan na da. Kullum in ta shiga ɗakin sai tsohuwa ta washe baki ta ce, "Sista, kin zo?" Ranar da za ta taho tsohuwa ta riƙe mata zane ta ce kada ta tafi, ta zauna a nan tare da su.

Bara war haka ina jifa da cokali ina cewa ba baƙon da zai taɓa ni. Na san wannan, ita ma ta sani, ba ta kuwa faɗa ba. Na ce, "Ki yafe mini." Ta ce ta ji, tana kan yi, kada in gaggauta mata.

Na ce, "Me kika ce wa tsohuwa da ta riƙe ki?"

Ta zagayo da rigar ta bayana, ta gyara wuyan. Ta ce, "Na ce mata ni ba Sista ba ce, Inna, ina da miji a Landan, wurinsa zan koma." Ta share ido da bayan hannu, ta buɗe mini ɗaya hannun rigar. "Baban yara, saura mai ran."

Na ɗaga, ina kallon fuskarta.